Gwangwani da Kuɗin Cefane: Amsoshin Wasiƙunku

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk kan tsadar kaya suka zo. Na ɗauki uku da suka haɗu a kan gwangwani, kuma ta farko za ta ci mana wuri, don tambayarta ta shafi kowane gida a zango.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mai sayar da shinkafa da wake ce a Aboabo, nan Kumasi, kuma cefanen gidanmu a hannuna yake. Tun 2021 nake rubuta kuɗin kayan gwangwani a bayan littafin adashina: tumatir, waken da muke zubawa a salak, da koren waken soyayyar shinkafa. Na zaɓe su ne don ba sa ruɓewa, kuma ba a kasa su a tire balle a rage. Yanzu rediyo na cewa tsada ta sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100. Maigida ya ji, ya ce to kuɗin cefane ma sai ya sauka. Ni kuwa littafina ya nuna gwangwanin da nake saye ya ninka fiye da sau biyu, bai kuma koma inda yake ba. Wa ke da gaskiya, rediyo ko littafina? Kuma zan iya kafa hujja da gwangwani kaɗai? Daga wata uwa, Aboabo.

AMSA: Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kafin komai, littafin nan ki adana shi inda ruwa ko mai ba zai taɓa shi ba. Na yi shekaru ina riƙe lissafin wani shagon sari a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, na ga masu kukan tsada da yawa waɗanda in ka tambaye su nawa suka sayi abu bara sai su tsaya suna sosa ƙeya. Ke kina da shi a rubuce.

Rediyo bai yi ƙarya ba, littafinki ma bai yi ba. Abin da Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ke sanarwa kowane wata shi ne yawan ƙarin da aka samu tsakanin wannan wata da takwaransa na bara. Da ta ce kashi 9.4 cikin 100 a Satumban 2025, nufinta kayan da aka saya sidi 100 a Satumban 2024 sun koma sidi 109 da 'yan kai. Ƙari dai aka samu, illa bai kai na baya zafi ba. Kamar yaro ne mai tasowa: in bara ya ƙara taƙi guda, bana ya ƙara yatsa biyu kacal, za a ce girmansa ya lafa, amma rigar da aka ɗinka masa shekara uku da suka wuce ba za ta sake shigarsa ba.

Ki duba yadda abin ya taru. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, ta abinci kaɗai 59.7, wadda ta haura zuwa 61 a Janairun 2023. Disambar 2023 aka samu 23.2, Disambar 2024 kuma 23.8. Kowane ƙari a kan na bayansa yake hawa. Ma'aunin hukumar ya ɗauki shekarar 2021 a matsayin 100, wato shekarar da kika fara rubutu, kuma zuwa ƙarshen 2024 ya kai 248. Kusan ninki biyu da rabi ke nan. Kin ga littafinki da takardar hukuma bakinsu ɗaya. Maigida rabin zancen ya ji.

Yanzu maganar gwangwani. Dalilin da kika bayar na zaɓarsa shi ne ainihin dalilin. Babbar wahalar bin farashin abinci a kasuwanninmu ita ce ba da sikeli muke ciniki ba. Ki tsaya gaban mai tumatir a kasuwar Kejetia ki lura. Kashin da jiya guda shida ne, yau biyar ne, na ƙasan kuma ya fara ruwa, an kifa shi ta gefen da ba a gani. Kuɗin kashin bai motsa ba, amma an yi miki ƙari. Yau ta ba ki gyara saboda kin zo da sassafe, gobe ba ta bayar ba. Olonkar gari ko ta masara, wato gwangwanin da ake awo da shi, ma haka: wata an buga gindinta ciki, wata a cika ta har ta yi tozo, wata a shafe bakinta da tafin hannu. Wanda ya rubuta "kashi ɗaya" ko "olonka ɗaya" a littafi, abin da ya rubuta yau daban yake da wanda zai rubuta wata mai zuwa, ko da kalmomin iri ɗaya ne. Gwangwani mai giram 400 kuwa, da damina da rani giram 400 ne, a Aboabo ko a Bantama. In kuɗinsa ya motsa, farashi ne ya motsa.

Sai dai shi ma yana da inda ake kwana da mutum, kuma a nan nake so ki buɗe ido. Ki daina rubuta "ƙarami" ko "babba", ki riƙa rubuta giram ɗin da ke jikinsa. Tumatirin gwangwani yana zuwa da giram 70, da 210, da 400, da 800, har da babban nan mai kilo 2.2 da ku masu sayar da abinci kuka fi saye. Na leda kuwa shi ya fi saurin canzawa ba a lura ba, don launin leda da hoton da ke kai suna nan yadda ido ya saba. Mu ɗauki misali: leda mai giram 70 ana sayar da ita sidi 3 da rabi. Kowane giram 100 ya tashi sidi 5. In aka mai da ledar giram 60 aka bar kuɗin yadda yake, giram 100 ya koma sidi 5 da fesuwa 83. An yi miki ƙarin kusan kashi 17 cikin 100, mai shago bai buɗe baki ya ce an ƙara ba, wataƙila shi kansa bai duba ba. Don haka kusa da kowane farashi ki fitar da kuɗin giram 100, shi za ki riƙa kwatantawa.

Ki kuma karanta sunan da ke gaban gwangwanin. Wanda aka rubuta wa Tomato Paste, bisa ƙa'idar abinci ta duniya sai kaurinsa na tsantsar tumatir ya kai kashi 24 cikin 100. Wanda aka rubuta wa Tomato Mix haɗi ne, tumatirin cikinsa bai kai haka ba, an cike da wasu abubuwa irin su sukari da gishiri da abin ƙara kauri, kuma jerinsu na nan a bayan leda da ƙananan haruffa. Ke da kike soya miya kullum kin fi ni sanin bambancinsu a tukunya: wani cokali biyu ya ishe ki, wani sai kin zuba uku kafin miya ta yi ja. In a 2021 na farkon kike saye, yanzu kin koma na biyun saboda sauƙi, to littafinki zai nuna tsadar ƙasa da yadda take. Koren wake da masarar gwangwani kuma lamba biyu ke jikinsu, nauyinsu da ruwa da nauyinsu bayan an tsiyaye. Mai giram 400 yakan rage wajen 240 in kin zubar da ruwan. Na biyun shi ke shiga shinkafa, shi za ki rubuta.

To, za ki iya kafa hujja da gwangwani kaɗai? A'a, Hajiya, kuma ina so ki gane dalili sosai don kada maigida ya kayar da ke a nan.

Gwangwani ɗan jirgin ruwa ne. Koren wake, masara, waken salak, yawancinsu daga waje ake shigo da su ta tashar Tema. Tumatirin ma, ko wanda aka zuba a gwangwani a nan Ghana, galibi markaɗaɗɗensa a manyan ganguna yake zuwa, mafi yawa daga ƙasar Sin. Da dala ake sayensa, da dala ake biyan jirgi, kuɗin kwastan ma da canjin dala ake lissafa shi. Saboda haka farashinsa dala yake bi fiye da gona. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 take, kafin Nuwamba ta haura 14 a wajen 'yan canji. Ba zan manta Oktoban shekarar ba. A shagon da nake aiki, farashin da aka rubuta da alƙalami a jikin katan da safe, kafin la'asar an soke an rubuta wani a ƙasansa, mai saye yana tsaye da kuɗin da ya ƙirga daga gida ba su isa ba. A watan ne 'yan kasuwar ƙungiyar GUTA, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta Ghana, suka rufe shaguna don nuna fushi. A irin wannan shekara littafinki ya ga tsadar tun kafin ta iso kan gari da masara, har ma ya nuna ta fiye da yadda take a kayan gida, don a ƙarshen 2022 hauhawar kayan waje ta zarce ta kayan gida a lissafin hukuma.

A 2024 kuwa labari ya juya. Ruwa ya ɗauke a arewa tsakiyar damina, masara ta bushe a gona, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya waje a watan Agusta. Shekarar ta ƙare hauhawar abinci tana kashi 27.8, kuma kayan gida ne a gaba. Mai kallon gwangwani kaɗai ba zai ga zafin wannan ba, alhali mai koko da mai tuwo sun sha shi. Haka albasar Galmi ta yi tashin gwauron zabo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe iyakoki motoci suka maƙale a hanya. Wannan ma babu gwangwanin da ya nuna shi.

Akwai kuma maganar nauyin kowane abu a cikin cefane. Hukumar Ƙididdiga tana tura ma'aikata kasuwanni 57 a jihohi 16, suna bin farashin kaya iri 307, amma ba ta ɗauke su daidai wa daida. Kowane abu ana ba shi nauyi gwargwadon kuɗin da gidaje ke kashewa a kansa, kuma abinci gaba ɗaya ya ɗauki kusan kashi 43 cikin 100. Ke ma haka ya kamata ki yi. A ce cikin sidi 100 na cefanenki gwangwani yana cin 5, shinkafa da masara suna cin 30. Ko gwangwani ya ninka, sidi 5 ya ƙara miki. Hatsi kuwa in ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku kawai, sidi 10 ke nan. Abin da ya fi tayar da hankali a littafi ba lallai ne shi ya fi cin aljihu ba.

Ga abin da zan ba ki shawara. Ki bar shafin gwangwani yadda yake, kamfani ɗaya, girma ɗaya, shago ɗaya, rana ɗaya a wata. Ki buɗe wani shafi kusa da shi na abubuwan da suka fi cin kuɗinki: shinkafa, wake, masara, mai, albasa, ɗanyen tumatir, kifi, gawayi ko gas. Waɗanda ake awo, ki sami gwangwaninki guda na gida ki riƙa sake auna su da shi in kin dawo, ko ki sayi ƙaramin sikeli, zai fanshi kuɗinsa a sana'arki. Na kashi kuma ki ƙirga guda nawa aka ba ki. Kayan gona ki riƙa kwatanta su da watansu na bara, don doya da tumatir suna da lokacin araha da na tsada kowace shekara, wanda ba ruwansa da hauhawar farashi. Lissafin ba wuya: ki cire tsohon farashi daga sabo, ki raba abin da ya rage da tsohon, ki ninka da 100. Bara sidi 8, bana 10, ƙarin 2 ne, 2 a raba da 8 ya ba da kashi 25. Kuma ki rubuta komai da sabon kuɗi. Tun Yulin 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma har yau iyayenmu a kasuwa suna kiran sidi 10 dubu ɗari, kuma in lissafin biyu suka cakuɗe a shafi ɗaya littafi ya lalace.

Shi kuma maigida, kada ki kai masa maganar lokacin da ya dawo a gajiye. Ki jira ya ci ya huta, ki buɗe masa shafukan biyu, ki nuna masa 2021 da yau. Shi ma fa abin yana cin sa, don albashi ko cinikin da yawa daga cikinmu bai ninka biyu da rabi ba a shekarun nan, kuma wanda aka matsa yana neman duk labarin da zai ba shi numfashi. In bai gamsu ba, ki roƙe shi ya raka ki Kejetia ranar Asabar ɗaya, ya riƙe kuɗin da hannunsa.

TAMBAYA: Malam, ina da ƙaramin shagon kayan masarufi a Asawase. Tun da dala ta faɗi, kowa ya shigo sai ya ce mun ƙi rage kuɗin gwangwani don son zuciya. Har wani dattijo ya ce min in ji tsoron Allah a gaban mutane. Ni kuwa yadda na saro haka nake sayarwa. Ka yi wa mutane bayani. Daga wani mai shago, Asawase.

AMSA: Ɗan'uwa, na ji zafin maganar, kuma zan faɗi naka in faɗi nasu. Gaskiya ne sidi ta yi ƙarfi a 2025: dala da take sama da sidi 15 a Afrilu ta dawo wajen 10 da 'yan kai kafin Yuni. Gaskiya ne kuma katan ɗin da ke kan kantarka a lokacin an yi odarsa watanni kafin haka, an biya jirgi da kwastan da tsohon canji. Gwangwani yana daɗewa, shi ya sa tsohon kaya ke jimawa a sito, ba kamar alayyafo ba da dole a rabu da shi kafin magariba. Ban da haka, dala ba ita kaɗai ce a cikin farashin ba. Akwai dakon mota daga Tema zuwa Kumasi, da 'yan kaya, da hayar shago, da wuta, da harajin VAT da aka ɗaga daga kashi 12.5 zuwa 15 a farkon 2023. Waɗannan ba sa sauka don dala ta sauka. Wanda ya ce gwangwani ya ragu da kashi ɗaya cikin uku rana ɗaya, bai taɓa riƙe shago ba.

Amma masu sayen ma ba daga sama suka ɗauko ƙorafin ba. Sun gani da idonsu a 2022 yadda aka riƙa ƙara kuɗin tsohon kaya a ranar da dala ta tashi, ana cewa sai da haka za a iya saro sabo. Hujja ce karɓaɓɓiya, na kuma kare ta a lokacin. To wanda ya yi aiki da kuɗin sabon sari ranar hawa, adalci shi ne ya yi aiki da shi ranar sauka. Direbobin haya sun rage kuɗin mota da kashi 15 a watan Mayun 2025, kuma talaka ya gani a take. Kai ɗan ƙaramin shago ba kai ke yanka farashi ba, amma kana da abu biyu a hannunka. Ka riƙa zagaya masu sari fiye da ɗaya a Adum kafin ka ɗauka, don ba rana ɗaya suke ragewa ba. In kuma sabon katan ya zo maka da sauƙi, ka rage a ranar, ka faɗa wa mai saye da bakinka cewa an rage. Rasiɗin sari ka ajiye shi a aljihun kanta, in dattijon ya dawo ka nuna masa cikin ladabi.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce. Na ga hotunan tumatir yana ruɓewa a gona a Akumadan, mu kuma muna sayen na gwangwani daga ƙetare da tsada. Me ya hana mu yi namu? Daga wata ɗaliba, Sabon Zango.

AMSA: 'Yata, an taɓa yi. Tun zamanin Kwame Nkrumah, a shekarun 1960, aka kafa masana'antun gwangwani a Pwalugu da Wenchi da Nsawam. Sun durƙushe bayan sauye-sauyen tattalin arziki na shekarun 1980, lokacin da aka buɗe ƙofa ga kayan waje, markaɗaɗɗen tumatir mai araha ya kwararo daga Italiya, daga baya kuma daga Sin. An sake tayar da ta Pwalugu wajen 2007 da sunan Northern Star, ba ta je ko'ina ba.

Hoton da kika gani gaskiya ne, amma na 'yan makonni ne a shekara. Inji yana son tumatir kullum, da yawa, a farashi ɗaya. Namu yana zuwa ne gaba ɗaya lokacin kaka ya cika Akumadan da Tuobodom, sannan ya ɓace, har daga wajen Disamba zuwa Mayu manyan motoci su riƙa ɗauko na Burkina Faso ta iyakar Paga. In tumatir ya yi wuya, matan kasuwa suna biyan manomi fiye da abin da masana'anta za ta iya, shi kuma yana da iyali, ba wanda zai ga laifinsa in ya sayar musu. Irin da aka fi shukawa a nan kuma ruwa ya yi masa yawa, sai an narka mai yawa kafin a sami kauri kaɗan, don haka gwangwaninsa zai fi na waje tsada. Gyaran daga gona zai fara: noman rani irin na madatsar Tono kusa da Navrongo a faɗaɗa shi, a kawo iri mai tsoka, a ƙulla yarjejeniya da manoma tun kafin shuka, a kuma biya su kan lokaci.

Kafin nan, akwai abin da kakanninki suka sani. Lokacin da tumatir ya yi araha, ku sayi kwando, ku yanka ku shanya ya zama kauɗa, ko ku markaɗa ku dafa har ruwan ya ƙone ku zuba a kwalabe masu tsabta ku sa a firji. Gidan da ya yi haka zai rage sayen gwangwani a watan azumi, lokacin da aka fi buƙatar miya.